Sikeli a bakin fili: ci da shan 'yan ƙwallo a zafin Sakkwato

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar ƙwallon unguwa a Sakkwato ya san yadda abin yake. Yara su shiga fili da zafinsu, amma da an dawo daga hutun rabin lokaci sai ƙafa ta yi nauyi, a koma tafiya da hannu a ƙugu. 'Yan kallo su ce ragwanci ne, iyaye su ce rashin nama ne. Ni ina horar da matasa a wani filin ƙasa da ba shi da nisa da filin wasa na Giginya, kuma sikelin awon nauyi ne ya raba mini wannan gardama.

Wurin wata 'yar'uwata ma'aikaciyar jinya na aro shi. A cikin Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, na riƙa auna kowane yaro kafin atisaye da bayansa, ba riga ba takalmi. Ɗan tsakiyarmu ya zo da kilo 60, da aka tashi ya koma 58 da rabi. Ya tsaya yana kallon allurar, ya ce, "Koci, sikelin nan lafiya yake kuwa?" Lafiyarsa ƙalau. Kowane kilo da ya tafi a ɗan wannan lokaci kusan lita guda ce ta gumi. Masana wannan fanni sun daɗe da nuna cewa idan ɗan wasa ya zubar da fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ta hanyar gumi, gudunsa da natsuwarsa duka suna raguwa, balle cikin zafi. Ga mai kilo 60, iyakar kenan kilo 1.2. Shi ya riga ya wuce, kuma ba shi kaɗai ba.

Daga nan na sa doka. Ledar ruwa rabin lita ce, don haka lissafin bai da wuya: duk kilo ɗaya da ya sauka, leda uku kafin a kwanta, a sha da kaɗan-kaɗan, ba a ɗaga kai a juye ba. Kowa ya sha leda ɗaya tun awa biyu kafin ya taho, kuma muna tsayawa kurɓa a tsakiyar atisaye ko ba a ji ƙishi sosai ba. Wanda ya ga fitsarinsa da safe ya yi ja kamar ruwan shayi, ya san da sauran bashi a kansa.

Ruwa zalla bai isa ba. Dubi rigar ɗan wasa idan ta bushe, za ka ga farin zane a baya da hammata: gishirin jikinsa ne. Ranar da atisaye zai yi tsawo nakan haɗa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya da sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokali. Da farko sun yi ta dariya, wai na mai da su jarirai masu gudawa. Yanzu idan na manta jarkar su ke tambaya.

Sai batun nama, inda aka fi jayayya da ni. Mutanenmu sun ɗauka ƙarfi a tsire yake. Amma abin da tsoka ke ƙonawa a gudun minti 90 shi ne sitacin da jiki ya adana a tsoka da hanta, kuma hatsi ke kawo shi: gero, dawa, masara, shinkafa, sai kuma dankali. Mai atisayen awa guda kullum yana buƙatar giram 5 zuwa 7 na sitaci a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Furotin, wanda ke gyara tsoka, giram 1.2 zuwa 2 ne a kan kilo, wato 72 zuwa 120 ga mai kilo 60. Ƙwai ɗaya kusan giram 6 ne, ka ga ba yaron unguwa da zai cike wannan da ƙwai ko nama. Wake da ƙosai da alale da awara da ƙuli-ƙuli da nono su ne rufin asirinmu, a rarraba su a cikin yini. Gwangwanin garin furotin da ake tallatawa a Facebook kuwa, kuɗin guda ɗaya sai ya sayi wake tiya da dama.

Akwai wani mai tsaron baya da kullum yake zuwa da yunwa, sai na bi shi gida. Mahaifiyarsa ta ce, "Koci, ni tuwo na sani, ba ni da kuɗin abincin 'yan ƙwallo." Na ce, "Inna, tuwon muke so. A ajiye masa ɗumame ya ci da safe, a ba shi na rana da wuri." Domin lokacin ci ma aiki ne babba. Wasanmu bayan la'asar ake yi, don haka babban abinci kafin ƙarfe ɗaya, awa uku zuwa huɗu kenan, kuma ban da maiƙo mai yawa, don yana daɗewa a ciki. Idan saura awa guda, ayaba ko dabino sun wadatar. Bayan an tashi kuma ban ga abin da ya kai fura da nono ba: ga sitaci a gero, ga furotin a nono, ga ruwa, duk a ƙwarya guda. Sharaɗina ɗaya, a saya wurin mai tsafta.

Da azumi muna mayar da atisaye mai nauyi bayan asham, kuma ina matsa musu kan sahur.

Abin da ba na sassauci a kai shi ne tiramadol. Wasu na haɗiya don kada su ji gajiya ko ciwo, su yi ta gudu a kan rauni har ya ƙazanta. Tun Janairun 2024 WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta shi a lokacin gasa, saboda haka mai burin buga wa Sokoto United ko wadda ta fi ta ya san inda zai kai shi. Wanda na kama, benci.

Matsalar da ta rage ita ce ta masu tahowa kai tsaye daga kabu-kabu ko kasuwa, cikinsu ba komai sai shayin safe. Su muka buɗe wa asusu. Ranar Juma'a kowa ya jefa abin da ya samu, kyaftin ya sayo dabino da ayaba, kuma mun yi magana da wata mai fura tana jiranmu a bakin fili kafin magariba.