Inda Aikin Jirginmu Ya Tsaya a Ƙarshen Bazara

'Yan'uwa masu koyon ƙera ƙaramin jirgin ruwa da tuƙa shi da iska, ina yi muku sallama. Wata biyu ke nan rabon da in rubuta halin da aikina yake ciki, kuma da yake wasunku sun matsa da tambayar ranar da za mu sa jirgin a ruwa, na ga ya dace in bayyana abin da aka gama, da abin da ya ɓaci, da dalilin da ya sa na ɗage ranar.

Abin da ya tayar mana da zumuɗi shi ne hotunan da muke gani a wannan lokaci daga kulob-kulob na masu jiragen iska a Ingila da sauran ƙasashen Turai, inda ake buɗe kakar wasa wajen watan Afrilu ko Mayu. Jiragensu sun shafe watannin sanyi a kan tudu, saboda haka kafin ranar buɗewa sai an kankare gindinsu, an sake fenti, an duba igiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ko a nan gida akwai irin wannan kulob a Legas tun 1932. Sai dai bazarar Turai lokacin sauƙin yanayi ce, tamu kuwa a Kano ita ce lokacin da zafi kan haura digiri 40, ruwan madatsa ya ja baya, iska kuma ba ta tsaya a waje guda ba. Wanda ya ɗauki kalandarsu ya ɗora a kan ruwanmu zai sha wahalar da ba dole ba.

Jirgin da nake haɗawa a tsakar gidanmu yana bin salon wani ƙaramin jirgi mai suna Mirror, wanda Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara a Ingila a 1962 domin mutum ya iya ƙera shi a gida. Tsawonsa mita 3.3 ne. Hikimar aikin ita ce ba a fara kafa ƙashi a bi shi da katako kamar yadda kafinta ya saba. Ana yanka filawud ne a kan awo, a huda gefensa, a ɗinke allunan da wayar jan ƙarfe, sannan a bi ɗinkin da gam da zaren gilas. Da yake filawud ɗinmu ƙafa 8 ne a tsaye, dole na haɗa biyu baki da baki, na fere kowane baki ya yi siriri kamar bakin wuƙa domin su hau juna ba tare da tudu ba. Wannan haɗin kaɗai ya ci mini mako guda da samfefa mai yawa.

Kuskurena mafi tsada shi ne na filawud ɗin farko da na sayo a 'Yan Katako ta Na'ibawa, domin ban gwada shi ba sai da na riga na yanka allo uku. Da wani tsohon kafinta ya ba ni shawara, na jefa guntu a tukunya na tafasa shi na awa guda, sai ga shi ya buɗe falle-falle kamar littafin da ruwa ya daka. Laifina ne, tun da ban tambayi mai jure ruwa ba, na tambayi mai sauƙin kuɗi. Ina roƙonku kada wanda ya sa zarto a allo kafin ya tafasa guntunsa.

Gam ɗin ifoksi, wato gam mai ƙarfi da ake haɗa ruwa iri biyu a kwaɓa, shi ma ya koya mini darasi a watan Afrilu. Na kwaɓa rabin kofi bayan azahar, ban kai ga shafa kashi ɗaya cikin uku ba sai na ji kofin ya ɗauki zafi a hannuna, kafin in ankara ya daskare da sandar motsawa a tsaye a cikinsa. Zafin gari yana gaggauta kamawarsa, kuma idan ya taru a wuri mai zurfi shi kansa yana ƙara wa kansa zafi. Tun daga ranar nake aikin gam bayan sallar asuba kawai, ina kwaɓa cokali huɗu ko biyar a faffaɗan faranti, in gama da shi kafin in sake wani.

Makon jiya na yi gwajin yoyo. Na ɗora jirgin a kan tsofaffin tayoyi, na zuba masa ruwa jarka shida, na kwanta a ƙarƙashinsa da fitila da alli. Ɗinkin gaba da na baya sun riƙe, amma a gindin akwatin da allon tsakiya (allon da ake zurawa cikin ruwa domin ya hana iska tura jirgin gefe) yake sauka ta ciki na ga ɗigo yana taruwa a hankali, yana faɗowa kusan sau ɗaya a minti. Na zagaye wurin da alli, kuma sai ya bushe sarai zan kankare shi in sake ɗaure shi. Ƙyallen iskan kuwa an gama shi. Na sayi yadi mai kauri a Kantin Kwari, kuma na sha fama kafin telana ya yarda ya bar masa ɗan ciki, domin a sana'arsa ɗinkin da bai kwanta shar ba aibi ne, alhali ƙyallen da ba shi da ciki ba ya jan jirgi idan ana son a nufi wajen da iska take fitowa.

Ranar Asabar na je Tiga, mai nisan kusan kilomita 70 kudu da birni, domin in ga ruwan da idona. Madatsar da aka kammala a 1974 tana cikin mafi girma a ƙasar nan, amma a wannan lokaci bakin ruwa ya janye nesa, sai an taka laka kafin a isa gare shi. Wani dattijon masunci ya ɗauke ni a kwale-kwalensa, ya riƙa nuna mini da filafili inda kututturai suke a ƙarƙashi, waɗanda allon tsakiya zai iya karo da su. Da na ce masa ina so in fara a farkon Yuni, sai ya ce, "Ɗana, ka san hadarin farkon damina? Daga gabas yake tasowa, iskarsa tana riga ruwansa zuwa, kuma mu da muka tsufa a nan, da mun ga gabas ta haɗe muke neman tudu." Na gode masa, na kuma karɓi maganarsa baki ɗaya.

Saboda haka ga abin da na yanke. A watan Yuli za mu yi gwajin farko da sassafe, kusa da gaɓa, da filafili kawai, bayan mun gaishe da Sarkin Ruwa mun nemi izini, kuma da kwale-kwalen masunta a kusa. Ɗaga ƙyalle sai Oktoba, lokacin da madatsa ta cika, hadari ya ɗauke, hunturu kuma bai yi ƙarfi ba. Babu wanda zai shiga jirgin ba da rigar kariya ba, ko da ya iya iyo; har yanzu zuciyata ba ta rabu da yaran da suka rasu a madatsar Watari ta Bagwai a Nuwamban 2021 ba, Allah Ya jiƙansu.

Kafin nan, kowa ya samu igiya mai tsawon gaba biyu ya ci gaba da koyon ƙulli mai siffar lamba 8 da madaukin da ba ya zargewa, har ya iya ɗaura su ido rufe. Ranar Lahadi bayan la'asar za mu juya jirgin domin fentin gindi, kuma ina buƙatar mutum uku da za su kama mini.