Bututun da ya fi ƙarfin kafaɗa

Shekarata 17 ina aikin fayif, galibi na kashe gobara, jajayen bututun ƙarfen nan da kuke gani a rufin manyan kantuna da wurin ajiye motoci. Na sha ƙuna da walda, giranda ta taɓa yankata a cinya, duk ban riƙe su a rai ba. Abin da ya hana ni barci shi ne faɗowar yaron aikina a wani gini a Abuja bara da damina, domin da bakina na ce a ɗaga.

Babban layi muke ja, mai inci 6. Irin kaurin da muke amfani da shi, kowace mita ɗaya ta kai kilo 28, sanda guda kuma mita 6 ce. Kusan kilo 170 ke nan, ya ɗara buhun siminti uku. Buhun siminti ko ya yi nauyi, inda ka ajiye shi nan yake zama. Bututu kuwa dogo ne, ga santsi, yana mirginawa, kuma idan baki ɗaya ya yi ƙasa ɗayan sai ya tashi ya bugi duk wanda ke kusa.

A ƙa'ida da cen-bulok, wato na'urar ɗaga kaya mai sarƙa, ake ɗaga shi, a ɗaure da ɗamara wuri biyu, a ja sarƙa sannu a hankali har ya zauna cikin maratayinsa. Ranar an kai namu wani sayit. Foman ya ce masu silin za su shigo ranar Litinin, lallai layin nan ya hau kafin Asabar. Na dubi dekin, mita 4 ne kacal daga ƙasa. Na ce a raina, ai mun sha yi. Mutum huɗu a ƙasa suna turawa, biyu a kan sikafol, dandamalin ƙarfen da ake hawa a yi aikin sama, suna karɓa.

Sikafol ɗin mai taya ne, katako biyu aka shimfiɗa a kai, babu makari ko ta gefe ɗaya. Tayoyin suna da birki, amma ba wanda ya taka. Yaron ya karɓi bakin bututun a kafaɗarsa ta dama, hannun hagu yana laluben noti. Har yanzu ina jin muryarsa:

“Oga, a ɗan ƙara turowa kaɗan.”

Aka ƙara. Hannun ɗaya daga cikin leburorin ya zame saboda man da ke jikin ƙarfen, bakinsu ya yi ƙasa, nasa ya yi sama ya ture shi. Ya dogara da ƙafa don ya tsaya, sai sikafol ɗin ya gudu daga ƙarƙashinsa. Faɗowa daga irin wannan tsayin ba ta cika daƙiƙa ɗaya ba. Kafin in ce innalillahi yana ƙasa.

A tsaye ya dira, kan kankare. Mutane suka ce Allah ya rufa asiri tunda bai bugu da kai ba, ni ma haka na ɗauka. Ashe dira a kan ƙafa tana da nata sharrin. Ƙashin diddige ne yake karɓar nauyin gaba ɗaya ya farfashe, sauran ƙarfin kuma ya bi ta ƙafafu ya hau gadon baya. Haka hoto ya nuna: diddigen dama ya dagargaje, ƙashi ɗaya a ƙasan bayansa ya matse. Abu ɗaya da na yi daidai ranar shi ne hana a ciccibe shi. Leburori sun riga sun kama hannuwansa za su miƙar da shi, na daka musu tsawa, muka nemo fallen ƙofa muka kwantar da shi a miƙe.

Danginsa sun so a kai shi wajen mai ɗori. Ina girmama masu ɗori, amma diddigen da ya fashe gida-gida da ƙashin baya ba aikinsu ba ne. Na roƙi mahaifinsa: “Baba, don girman Allah a bari likitocin ƙashi su gan shi tukuna.” Ya amince, aka wuce da shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kusa da gida.

Maganar kuɗi kuma, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ba da aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar. Yarona ɗan aikin yini ne, sunansa ba ya kan takardar kowa. Ɗan kwangila ya ba da abin da ya ga dama, sauran muka yi karo-karo.

Bayan mako guda aka kawo mana bel na sefti sababbi fil, aka ce kowa ya sa. Na tambaya a ina za mu maƙala? Wani ya nuna bututun. Bututun da muke ƙoƙarin ratayewa! Kuma ko an samu wuri mai ƙarfi, igiyar bel ɗin takan kai mita 2, abin rage fizgar da ke jikinta zai iya warwarewa fiye da mita ɗaya da rabi, sannan ga tsawon mutum. A rufi mai mita 4, sai ka sha ƙasa kafin igiyar ta riƙe ka. A irin wannan tsayin, abin da ke ceton mutum shi ne dandamali mai cikakken katako, da makari kewaye, da taya a kulle, da kuma kada nauyin ƙarfe ya taɓa hawa kafaɗar wanda ke sama.

Na sayi cen-bulok nawa na kaina mai tan 1, yana bayan mota duk inda na je. Sau biyu ke nan ana fasa ba ni aiki saboda na ce ba zan ɗaga da hannu ba.

Yaron ya dawo wata uku da suka wuce. Yana ɗingishi, tsayuwa mai tsawo tana ba shi wahala, tsani kuwa an hana shi. Na sa masa benci kusa da injin yanka zaren bututu, shi yake aunawa, ya yanke, ya miƙa. Da safe kafin kowa ya hau, yakan tashi da sandarsa ya zagaya ya taka birkin tayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya.