Na gaskata jikina, ashe ruɗina yake yi

Kusan shekara biyu ina tashi fitsari sau uku, sau huɗu cikin dare, in dawo in kwankwaɗi ruwa kamar wanda ya sha tafiya a ƙasa. Na ce zafi ne. Wando ya fara yi mini yawa a ƙugu, har murna na yi, dama tumbin ya ishe ni. Ranar da aka ɗebi jinina da sassafe, ban sa komai a baki ba, awon sugan jinina ya haura 200. Likita ta ce duk wanda sugansa ya kai 126 kafin ya karya, aka maimaita wata rana aka sami haka, to ciwon suga ne. Daga 100 zuwa 125 kuwa gargaɗi ne, lokacin da rage ƙiba da motsa jiki kan iya dawo da mutum hanya. Ni na wuce wannan zangon ban ma san na bi ta wurin ba.

Ƙannena, ga yadda abin yake a taƙaice. Yawancin abin da muka ci yakan narke ya zama suga a jini, sinadarin insulin ne ke shigar da shi tsoka ya zama ƙarfi. A nau'i na biyu, wanda shi ke damun kusan tara cikin goma na masu ciwon, insulin na nan amma jiki ya daina jin maganarsa. A nau'i na ɗaya jikin ne ya daina samar da shi, galibi tun ƙuruciya, kuma babu makawa sai allura. Kada wani ya ce muku ciwon tsofaffi ne ko na masu ƙiba kawai.

Aka ɗora ni a kan ƙwayar maganin suga mai suna Metformin. Cikin 'yan makonni ƙishirwa ta tafi, barci ya dawo. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa na warke, na jefa ƙwayoyin a durowa. Har wata dabara na ƙirƙiro, wadda yanzu in na tuna kunya take kama ni: in ranar asibiti ta matso, sai in kame bakina kwana uku, in je a auna, lamba ta yi kyau, a yaba mini. Wa nake cuta? Likitar ta gano ni ne da wani awo mai suna HbA1c, wanda ba a yi masa wayo, domin yana nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata uku. Ga yawancin masu ciwon, ana so ya tsaya ƙasa da 7. Da ta ga nawa, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Malam, cire takalminka."

Wannan shi ne abin da ya karya mini girman kai. Ta ɗauko wani siririn zare na roba tana taɓa tafin ƙafata, ta ce in rufe ido in faɗa duk lokacin da na ji. Na yi shiru ina jira ta fara. Ashe ta riga ta taɓa ni sau uku a babban yatsa. Suga in ya daɗe a sama yana cinye jijiyoyi a hankali, daga yatsun ƙafa yake farawa, sau da yawa babu zogi balle ya tashe ka. Haka yake yi wa ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda. Daga baya na taɓa yini da tsakuwa a cikin takalmi, sai dare na ga jini a safa. Ƙaramin ciwon nan ya yi makonni kafin ya rufe.

Da aka ƙara mini wata ƙwaya, sai na faɗa ɗaya ramin. Na sha magani, aiki ya ɗauke mini hankali, ban ci abinci ba. Hannu ya kama rawa, gumi mai sanyi ya karyo, magana ta fara sarƙewa. Suga ne ya faɗi ƙasa da 70. Maganinsa a nan take ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa, a jira minti 15 a sake aunawa. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi. Da na gaya wa abokan aikina ciwona tun farko, da ba su tsaya suna yi mini fifita ba.

Yanzu ina tafiyar minti 30 kwana biyar a mako, ina kai idona da ƙodata awo duk shekara. Kowane dare kafin in kwanta nakan ɗaga ƙafa in duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, da safe kuma in zazzage takalmi kafin in sa. Babban yatsan nan na dama har yau bai dawo da ji ba.