Aikin notari a Bronx

'Yan uwa da ke tambayata yadda sana'ar notari, wato mai tabbatar da sa hannu kan takardu a hukumance, take a nan New York: dokar jiha ta ƙayyade dala 2 kacal kan kowane sa hannu da na tabbatar. Abin da ke riƙe ni shi ne kuɗin zuwa, domin ni nake bin mutum har gida ko asibiti da hatimina. Tun a waya nake faɗin farashin, kada a yi jayayya gaban mara lafiya. Talla kuwa, na gwada Facebook da Google, amma masallatan Bronx, wani yanki na birnin New York, sun fi kawo min mutane, musamman dattawanmu na Nijar da Gana masu aika takardar wakilci gida. Sun fi sakin jiki idan aka yi musu Hausa.