Bashin Naira a Garin Sefa

Kwana shida bayan ƙaramar sallar shekarar 2024 na kama hanyar Maraɗi daga Katsina, kuma ba yawon sallah ne ya kai ni ba, bashi na tafi karɓa. Ina da ɗan ofishi inda nake yankar wa mutane tikitin jirgin sama, ina kuma nema wa masu niyyar Umara biza da masauki, sana'ar da na shekara bakwai a cikinta ina yi wa kaina kallon wanda ya iya lissafi. Wanda nake bi bashin wani dattijo ne aminin marigayi mahaifina, bafatake mai sayen wake da aya, wanda tun ina ƙarami nake kiransa Baba Alhaji. A azumin 2023 na shirya wa mutum huɗu na gidansa tafiyar Umara ta filin jirgin Malam Aminu Kano, domin Maraɗawa da yawa sun fi son tashi daga Kano a kan su ci hanyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai. Ya ba ni rabin kuɗin, muka yi magana ta waya cewa ragowar naira kaza ce, zai aiko idan wasu kayansa da ke kan ruwa sun iso. Ban rubuta ba, shi ma bai ce a rubuta ba.

Tsakanin wannan magana da ranar da na shiga mota, abubuwa biyu sun faru waɗanda ba ni da hannu a cikinsu. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar Amurka da ake lissafawa wajen naira 460 a hukumance ta yi ta hawa har ta kai wajen 1,500 a Fabrairun 2024. Ranar 26 ga Yuli kuma sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, kayan 'yan kasuwar Nijar suka maƙale a tashar ruwa ta Kwatano, har da na Baba Alhaji. Sai a watan Maris na 2024 Najeriya da Nijar suka buɗe iyakarsu. Duk tsawon watannin nan ina kiransa mu gaisa, in tambayi iyali, in kashe waya ban ce komai ba, domin kunyar aminin uba ta fi ƙarfin bakina.

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai cika kilomita 100 ba, amma mun fi awa huɗu a hanya saboda yawan shingaye. Na zauna kusa da direba, na ga yadda ya tanadi ƙananan takardun kuɗi a gefen sitiyari tun daga tasha, yana zaro ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya dubi hannunsa ba. Bayan mun wuce Jibiya da Magama aka duba takardunmu a Ɗan Isa, daga nan hanya ta miƙe cikin gonakin da ke jiran damina, itatuwan gawo tsaitsaye a cikinsu. Hirar fasinjoji duk a kan layin dogo ne na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Wani ya tsokani direban cewa ranar da jirgin ƙasa ya fara aiki sai ya koma noma, shi kuwa ya amsa cewa jirgi ba ya shiga ƙauye, duk wanda ya sauka a tasha mota zai nema. Amsar ta burge ni, domin mutumin ya riga ya hango wa kansa gurbi a cikin abin da ake ba shi tsoro da shi.

Darasina na farko a wurin 'yan canji na same shi. Jikka ɗaya, wato sefa 1,000, wadda a zuwana na baya na saya a kan naira dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa, ranar nan sai da na ajiye fiye da dubu biyu kafin a miƙo mini ita. Ba sefa ce ta yi wani abin bajinta ba. A ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta gaba ba ta baya, naira ce ta zame daga ƙarƙashinta. Sannan ga rikicin ƙirga, wanda kullum sai ya kama baƙo. A Maraɗi idan aka ce dala ba kuɗin Amurka ake nufi ba, sefa biyar ake nufi, don haka da ɗan kabu-kabu ya ce mini dala sittin sai da na tsaya ina ninkawa a zuci kafin in gane sefa 300 yake nema. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai baƙo na, ko?" Ni da sana'ata ta canjin farashi ce, ga ni a bakin titi yaro yana jira in gama lissafi.

Bakatsine ba ya jin baƙunta sosai a Maraɗi, domin garin ɗaya rabin tarihinmu ne. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, zuriyar tsoffin sarakunan suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a nan, shi ya sa har yau sarautar garin ake kiranta Katsinar Maraɗi. Tsohon garin a kwarin gulbi yake, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hauro tudu, abin da ya sa titunan tsakiyar gari suke a miƙe kamar an ja su da igiya. Gyaɗa ce ta fara yi wa alhazan garin arziki, da farin shekarun 1970 ya karya ta kuma suka koma safarar kaya tsakanin bakin teku da Najeriya. Gari ne da ya saba ganin sana'a ta mutu a hannun mutum, ya wayi gari da wata.

Na sami Baba Alhaji a zaurensa bayan la'asar, ya rame fiye da yadda na san shi. Aka kawo ruwa da fura, muka yi gaisuwa mai tsawo, ya yi wa mahaifina addu'a, bai bari na buɗe baki a kan abin da ya kawo ni ba sai da aka yi sallar isha. Sannan ya kira ɗansa, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma shi ke riƙe da littattafan gidan yanzu. Saurayin ya buɗe wani babban littafi, sai ga bashina a rubuce, da kwanan wata, da adadin nairar da muka ambata ta waya, ba ragi ba ƙari. Ashe abin da ni mai bin bashi ban rubuta ba, su da ake bi sun rubuta tun ranar. Ya lissafa abin da nairar ta kama a sefa bisa canjin wannan rana, ya faɗi adadin cikin ladabi, na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi, domin kusan rabin abin da kuɗin suke daidai da shi ne a lokacin da na biya kamfanin jirgi da masu masauki.

Na so in yi gardama, amma na rasa ta inda zan kama. Naira muka ambata, naira za a biya, abin da mafi yawan malamai suke faɗa ke nan a kan bashi, kuma da nairar ce ta yi daraja ba zan yarda a rage mini ko kwabo ba. Na fara ba da labarin asarar da na yi, yadda sai da na sayar da motata kafin in iya tura wasu mutanen da suka riga suka ba ni kuɗin Umararsu. A nan ne tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce, "Ɗana, tsaya. Da ka biya wa iyalina rabin nan, kuɗɗin wa ka ɗauka?" Na yi shiru, domin amsar ita ce abin da na shekara ina ɓoye wa kaina. Ba daga jarina na cire ba, daga ajiyar wasu maniyyata ne waɗanda tafiyarsu ba ta zo ba, da tunanin cewa kafin lokacinsu ya yi an biya ni na mayar. Kuɗin amana na ranta wa wani don kada a ce ɗan wane ya kasa yi wa aminin ubansa alfarma.

Bai yi mini faɗa ba, labari ya ba ni. Ya ce a watan Janairu na 1994 sun kwana faran ɗin Faransa yana sefa hamsin, suka wayi gari yana sefa ɗari, kuma a lokacin yana riƙe da kuɗin mutane na kayan da bai riga ya sayo ba. Shekara uku ya yi yana biya. Tun daga nan, in ji shi, duk kuɗin da aka ba shi don ya sayo wani abu ba ya bari su kwana a hannunsa da irin rigar da suka zo da ita, a ranar yake mayar da su kuɗin da zai biya da su. Wannan magana ta shafe ni kai tsaye, domin mai shirya tafiye-tafiye naira yake karɓa amma ba naira yake kashewa ba. Farashin tikiti da dalar Amurka ake auna shi, masauki a Makka da Madina da riyal ake biya, riyal kuwa a ɗaure yake da dala, uku da kashi 75 cikin ɗari a kan kowace ɗaya. Duk kwanan da kuɗin maniyyaci suka yi a asusuna suna naira, caca nake yi da ibadar wani, ko da ban taɓa su ba.

Washegari da safe na shiga cikin gida gaida Hajiya, na tarar mata wajen ashirin zaune a kan tabarmi a tsakar gida, da akwatin ƙarfe a tsakiyarsu. Taron asusunsu ne na mako-mako, irin tsarin nan na Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da dama. Na koma gefe na tsaya ina kallo. Kwaɗo uku ne a jikin akwatin, mabuɗan suna hannun mata uku daban-daban, wadda akwatin ke kwana a ɗakinta kuma ba ta da ko ɗaya. Kowace ta ajiye zubinta sai a ƙirga da ƙarfi kowa ya ji, kuɗin rance wurinsu daban, na taimakon wadda ta yi haihuwa ko rashin lafiya wurinsu daban. Da yawansu ba su yi boko ba, amma sun gina tsarin da ba ya dogara da kyawun halin mutum ɗaya. Ni kuwa da kwamfuta a kan teburina, asusu guda nake da shi a banki, a cikinsa jari yake, a cikinsa riba take, a cikinsa ajiyar mutane take, daga cikinsa kuma nake cire kuɗin cefane da na gudummawar biki. Hajiya ta hango ni ta ce, "Ɗan Katsina, ko za ka shiga adashen namu ne?" Matan suka yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Kafin azahar Baba Alhaji ya sa aka ƙirgo mini bashina cif, sannan ya zaro wani ƙunshi daga aljihunsa ya ɗora a kai, ya ce wannan ba ya cikin bashi, kyautatawa ce irin wadda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yaba wa mai biya. Ƙarin bai rufe ramin ba, ya dai cike kamar sulusinsa, kuma na lura ɗansa bai ji daɗi ba, ko da yake bai ce uffan ba. Ba na ganin laifin saurayin, domin gidan ma asara ya yi a watannin takunkumi. Akwai kuma inda ban bi ra'ayin tsohon ba. Shi har yanzu yana ganin arzikin mutane ya fi arzikin kuɗi, kuma a ganinsa neman sa hannu daga wanda ka sani raini ne. A zamaninsu, da ubangida ya san baransa har kakanni, wataƙila haka ne. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da ajalinsa, kuma ba ta ware aminin uba ba. Da na rubuta tun farko cewa ragowar riyal kaza ce ko sefa kaza, da babu wanda zai kwana da nauyin wani a zuciyarsa, da kuma ban shekara ina gaisuwar da ba gaisuwa ba.

Da yamma na ratsa babbar kasuwa na sayi manyan littattafan lissafi guda biyu, ɗaya na ofishi, ɗaya na ajiyar maniyyata. A shafin farko na na ofishin, ina zaune a bencin mai shayi a tasha, na rubuta albashin da zan riƙa biyan kaina kowane wata, adadin da ya yi mini kaɗan har na soke shi, sannan na sake rubuta shi yadda yake. Ban canza sefar duka ba; na canza daidai abin da ake bina, sauran na bar su a yadda suke. Motar ba ta cika ba sai bayan la'asar, muka isa Ɗan Isa rana tana shirin faɗuwa. Muna tsallakawa layin wayata na Najeriya ya dawo, na kira ɗan wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ta shekara huɗu tana tara kuɗin Umara a wurina kuma na ɗage mata tafiya sau biyu da uzurin biza. Na ce ya kawo ta ofis gobe da ƙarfe tara, su zo da fasfo ɗinta, kuma ya zo da wani babba a danginsu wanda zai zama shaida.