Ranar da na makantar da wayar Hajiya

Shekara tara ke nan ina gyaran waya a Garwa, a wata 'yar rumfa kusa da babbar kasuwa. Canjin gilashi, wanda a nan muka fi kira ekiran, shi ne abincinmu na yau da kullum, har na kai ina ganin ido rufe ma zan iya. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ce ta sauke mini wannan girman kai.

Ta zo da wayarta gilashin ya tsage tun daga sama har ƙasa, jikanta ya yar a kan siminti. Na faɗa mata kuɗi kashi biyu, na asali da na kwafi, kuma na asalin ya kusa ninka na kwafin sau uku. Ta ce, “Ɗana, ai duk gilashi gilashi ne, sa mini mai sauƙin.” Ni ma ban musa ba. Na ɗora, hoto ya fito tas, ta biya ta tafi. Washegari da hantsi sai ga ta. “Malam, wayar nan ta daina sanina. Da in na ɗora yatsa sai ta buɗe, yanzu ko a jikinta.” Lambar sirrin kuwa ɗanta ne ya sa mata, sai da muka kira shi a Marwa.

Na sake buɗe wayar, ban ga abin da ya tsinke ba. Sai na ciro tsohon gilashin daga kwandon shara na juya bayansa. Can wajen ƙasa akwai wata 'yar taga, faɗinta bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na haska tocila ta gaba, sai ga haske dishi-dishi yana ratsowa ta tagar. Na yi wa sabon haka, ko ɗigo bai wuce ba. A nan na gane ɓarnar da na yi.

Abin da ke karanta zanen yatsa a irin wannan waya wata 'yar kyamara ce da ke kwance a ƙarƙashin gilashin. In ka ɗora yatsa, wurin yakan yi haske fau, hasken ya bugi fatar ya dawo, ya bi ta tsakankanin ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto, ya isa ga kyamarar. Wannan yana yiwuwa ne a gilashin OLED, don kowane ɗigo da kansa yake ba da haskensa, babu fitila a bayansa, kuma shafal yake. Wanda na sa mata LCD ne, shi kuwa dole sai da faifan fitila a baya, faifan nan ya zama katanga. Kenan na ɗauki idon wayar na gina masa bango a gaba, sannan ina mamakin me ya hana shi gani.

Abin ba daɗaɗɗe ba ne, shi ya sa maigidan da ya koya mini aiki bai taɓa ambatarsa ba. A farkon 2018 Vivo ta fara sayar da waya mai karanta yatsa ta cikin gilashi. A 2019 Samsung ta kawo wata dabara a Galaxy S10, inda sautin da kunne ba ya ji ne yake lalubo tudu da kwarin zanen yatsa. A shekarar ne kuma Tecno Phantom 9 ta zo da mai aiki da haske, daga nan abin ya fara shigowa aljihun mutanenmu.

Na ce wa Hajiya laifina ne, ta cika kuɗin na asali, ni kuma na haƙura da ladan aikin da asarar na kwafin. Na yi oda daga Duwala, aka yi kwanaki kafin kayan su hau jirgin ƙasa zuwa Gaundare, mota ta ƙaraso da su. Na ɗora ina murna, yatsa ya ƙi shiga. Ashe da sauran rina a kaba. Kowane gilashi da yadda yake barin haske ya wuce, don haka sai an sake saita kyamarar da sabon. Wani abokin sana'a ya ara mini wasu 'yan robobi uku, baƙa da fara da mai layi-layi. Ana shiga ɓoyayyen shafin gwaji na wayar, a riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya a gurbin yatsa. Sau biyu yana ƙi, na uku na sake ɗaga gilashin, na tarar da ƙwayar ƙura guda zaune daidai kan tagar. Lokacin hunturu ne, kuma wanda ya san ƙurar Garwa a watan Janairu ba sai an yi masa bayani ba. Tun daga ranar, irin wannan aiki da asuba nake yinsa, ƙofa a rufe, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa.

Saitin ya kammala, na gwada da yatsana ya karɓa nan take. Hajiya ta ɗora nata, shiru. Na duba hannun, ashe biki aka yi, lalle ya kama yatsun sun yi baƙi wuluk, ga kaushin hunturu. Fata mai duhun lalle ba ta mayar da haske sosai, busasshiya kuma ba ta manne wa gilashi. Na ce, “Ranki ya daɗe, ɗan hura masa iskar baki.” Ta harare ni, ta hura, ta ɗora, waya ta buɗe. Muka yi rajistar yatsu biyu, ɗaya daga hannun da lallen bai kama sosai ba.

Ba yatsa kaɗai aka tura ƙarƙashin gilashi ba. A wasu wayoyin har abin da ke auna hasken wuri, da wanda ke kashe gilashi in ka kara waya a kunne, suna can ciki. Duk wanda ya zo mini da ƙorafin cewa kuncinsa na katse kira bayan an yi masa canji, na san inda zan fara dubawa. Masu karanta yatsa da sauti kuma ba sa shiri da gilashin kariya mai kauri, in iska ta maƙale a tsakani shi ke nan.

Kyamarar hoto da ke ɓoye a ƙarƙashin gilashi, wadda ZTE ta fara fitarwa kasuwa a 2020 da Axon 20, sau ɗaya tak ta taɓa zuwa teburina. Wani Alhaji ne ya kawo waya mai naɗewa, yana cewa hotonsa na fita kamar an shafa masa man kaɗanya, in goge masa cikin. Na nuna masa wurin a kan farin shafi, inda ɗige-ɗigen suka yi ƙaranci kamar saƙar gidan sauro don haske ya samu hanya. Ta cikin wannan raga kyamarar ke leƙe, hasken yana warwatsewa, sai manhaja ta bi tana gyara abin da ya samu. Na ce, “Alhaji, lafiyarta lau, haka aka halicce ta. In hoton kirki kake so, ɗauka da ta baya.” Ban karɓi ko dala ba, kuma ban kusanci murfinta da sukundireba ba.

Yanzu kafin in faɗi kuɗin gilashi sai na ce wa mai waya ya buɗe ta a gabana. In na ga babban yatsa ya sauka a kan gilashin, na kwafi ba ya cikin lissafi, sai fa in mutum ya yarda da bakinsa zai koma danna lamba. Robobin nan uku ma na sayi nawa, suna cikin gwangwanin madara a aljihun tebur.