Yadda na nemi diyyar motata bayan an buge ta ta baya a Kano

A garinmu, duk wanda aka bugar wa mota, haƙuri ake fara ba shi kafin a tambayi wane ne zai ɗauki nauyin gyara. Haka aka yi mini ranar da motar wani kamfanin rarraba kaya ta afka wa tawa ta baya ina tsaye a danja a titin Zariya, ta lotsa but ɗin, ta farfasa bamba da fitilun baya. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ka yafe wa yaron nan." Na ce masa, "Baba, ban riƙe shi a zuciya ba, amma motar sai an gyara ta." A ganina yafe wa direba da neman haƙƙi daga kamfanin da ya ɗauke shi aiki ba su cin karo, tunda ko a shari'ar Musulunci wanda ya lalata dukiyar wani, ko da bisa kuskure ne, wajibi ne ya biya.

Kafin a janye motocin daga kan titi na ɗauki hotunansu yadda suke tsaye, da lambar motar da ta buge ni, da lasisin direban, da takardar inshorarsa, na kuma karɓi lambobin mutanen da suka ga abin da idonsu. Daga nan muka tafi sashen kula da haɗurra na 'yan sanda, aka zana taswirar wurin, aka ɗauki bayanin kowa, jami'an VIO kuma suka duba lafiyar motocin. Rahotannin nan su ne suka tsaya mini daga baya, lokacin da direban ya sauya magana ya ce ni na taka birki ba zato. Lauyan da na tuntuɓa ya bayyana mini cewa idan mota ta bugi wata ta baya, musamman wadda ke tsaye, kotu kan ɗauki hakan a matsayin alamar sakaci daga na baya, sai dai in shi ya kawo hujjar da za ta wanke shi. Ya ƙara da cewa tunda direban yana bakin aiki ne, kamfanin ma yana ɗauke da alhaki, kuma tarar da za a ci direba in an gurfanar da shi kan tuƙin ganganci aljihun gwamnati za ta shiga. Diyyata sai na neme ta daban.

Batun inshora ne ya fi buɗe mini ido. Yawancinmu muna sayen takardar inshorar nan ta "third party" ne don kada a tare mu a hanya, alhali an wajabta ta ne tun dokar 1945 domin a biya wanda mai mota ya yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya kan ɓarnar dukiya daga naira miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa, shi ya sa tun a ranar na shigar da lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID, na tabbatar da cewa tasu ta gaskiya ce kuma ba ta ƙare ba. Da ta bogi ce, da sai dai in bi kamfanin kai tsaye.

Lauyan ya hana ni taɓa motar har sai ma'aikacin kamfanin inshora ya zo ya kimanta ɓarnar, kuma wannan jira shi ne mafi ɗaci, domin kullum a adaidaita sahu nake zuwa aiki ina kallonta a garejin mai gyara. Masu inshorar sun yi ja-in-ja a kan ƙiyasin da bakanike ya rubuta, suka ce ba za su biya cikakken farashin sababbin kaya ba tunda na motar tsofaffi ne. Na kawo ƙiyasi na biyu daga wani gareji tare da farashin kayan a kasuwar Ƙofar Ruwa, sannan muka daidaita.

Ciwon wuya bai bayyana ba sai washegari, kamar yadda ya saba faruwa ga wanda aka buga ta baya. Na je asibiti, likita ya rubuta rahoto, na ajiye rasit ɗin hoto da na magani, domin kuɗin da mutum ya kashe sai ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya ya kuma nuna shaida kafin kotu ta ba shi, saɓanin diyyar wahala da raɗaɗi wadda alƙali ke kimantawa. Saboda haka na ƙi sa hannu a takardar sallama da aka kawo mini da wuri, tunda an rubuta a ciki cewa ba ni da sauran wata da'awa, alhali ban gama jinya ba.

Ba mu kai ga kotu ba. Bayan lauya ya aika wa kamfanin rarraba kayan wasiƙar neman biya mai wa'adi, suka nemi sulhu, inshora ta biya gyara, su kuma suka amince da kuɗin asibiti da na sufuri. Na dage a rubuta adadin da ranar biya, a sa hannu a gaban shaidu, domin rubutaccen alkawari ya zama bashi bayyananne, irin wanda ake iya kai wa kotun ƙananan basussuka da Kano ta buɗe a 2019. Sun biya kashi na ƙarshe bayan wa'adin ya ɗan wuce, sannan na sa hannu a takardar sallamar.